Hawan dutse da keke: wahalar da wasu ke saye da kuɗinsu

A Madawa, idan aka ga babban ma'aikaci ko attajirin albasa bisa keke, tambaya ɗaya ce ke fara zuwa bakin jama'a: "Alhaji, lafiya? Ina mashin?" In ya ce mashin na gida lafiya lau, sai a yi shiru, a bi shi da kallo, a ajiye sauran magana sai ya yi nisa. Wani ya ce jari ne ya karye, wani ya ce albashi ne bai fito ba. Balle kuma a ce ya shaida musu Buza za shi, alhali babu biki, babu ta'aziyya, babu bin bashi, tudun da ke hanya kawai yake so ya hau ya sauko. Ranar nan ƴan'uwa za su fara shawarar malamin da za a kai shi wurinsa.

Jama'a ba su yi laifi ba. A ƙasar Adar ba a san hawan dutse da wasa ba, dole ce ke sa a hau shi, kuma duk wanda Allah ya buɗa wa, abin da yake fara saye shi ne abin da zai raba shi da wannan dole. Amma akwai ƙasashen da mutum ke tara kuɗi shekara guda, ya ɗauki hutu, ya biya jirgi da masauki, domin ya je ya sha irin wannan wahala da ƙafafunsa. Ya kamata a duba abin da suka gano a cikinta, ko mutanen Madawa da Buza da Kaita na da rabo.

Wuyan dutse

Inda hanya ta ratsa tsakanin kawunan duwatsu biyu, ta kai iyakar hawanta kafin ta gangara ɗaya gefen, Faransawa na kiran wurin "col", wato wuya. Wuyan da ya fi suna wurin masu keke shi ne Tourmalet, cikin duwatsun da suka raba Faransa da Sipaniya. Tsayinsa mita 2115 ne daga doron teku. Wanda ya taso daga garin Luz-Saint-Sauveur yana da kilomita 19 a gabansa, kuma cikin kowane mita 100 hanya na ɗagawa da mita 7 da ɗoriya. Kafin ya kai, ya ɗaga kansa da kekensa wajen mita 1400. Ɗan kasuwa zai fi gane lissafin in aka ce masa mutum da kekensa da ruwansa sun kusa nauyin buhun gero, kuma cinyoyi biyu ne za su kai wannan buhu can sama. Akwai ma wanda ya fi shi tsawo, Galibier, mai mita 2642, inda ƙanƙara ke rufe hanya duk lokacin sanyi.

A 1910 ne masu shirya tseren keke na zagayen Faransa, wanda aka soma tun 1903, suka sa Tourmalet cikin hanyar tsere. Lokacin nan hanyar ta tsakuwa ce, ta makiyaya da alfadarai, kekunan kuwa ba su da abin canjin bitas, wato giya, domin sai a 1937 aka yarda da shi cikin tseren. Ashe keken gwanayen farko bai fi tsohon Rale na mai tallan kalanzir ba. Octave Lapize, wanda ya ci tseren na shekarar, sai da ya sauka ya tura, kuma da ya kai wuyan Aubisque da ke gaba, ya dubi alƙalan tsere ya kira su masu kisan kai. Gustave Garrigou ne ya hau Tourmalet bai sauke ƙafa ba, aka ba shi tukuicin faran 100.

Bayan shekara 3, a 1913, Eugène Christophe na gangarowa daga wannan wuya sai ƙarfen da ke riƙe da ƙafar gaba ya karye. Ya saɓa keke a kafaɗa, ya yi tafiyar wajen kilomita 10 a ƙasa har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya shiga maƙera. Dokar tsere ta hana kowa taimaka masa, don haka shi ya riƙe guduma, shi ya yi ƙira, alƙalai na tsaye suna kallo. Da ya gama bayan sa'o'i, aka ci shi tarar mintoci, domin wani yaro ya yi masa zuga. Har yau ana kai baƙi ganin wannan maƙera.

Waɗannan duka ƴan tsere ne, kuɗi da suna suke nema. Wanda ya mai da hawan dutse abin shaƙatawa ɗan kasuwa ne, dillalin alharini a birnin Saint-Étienne, mai suna Paul de Vivie, wanda aka fi sani da Vélocio. Ya rayu daga 1853 zuwa 1930. Shi ya dage da cewa a sa wa keke bitas domin mutum kowane iri ya iya hawa, ba sai ƙarfafa ba, kuma ya bar wa almajiransa ƙa'idodin da har yau ake bi: a ci kafin a ji yunwa, a sha kafin a ji ƙishirwa, a taƙaita hutu kada jiki ya yi sanyi, kada a kai jiki maƙura, kada kuma a tuƙa don a gani a yaba. Tun 1922 ake taruwa ana hawan wuyan République, mai mita 1161, da sunansa. Daga 1993 kuma masu zagayen Faransa suka keɓe rana guda a shekara, wadda wajen mutum dubu 15, malaman makaranta, likitoci, ƴan kasuwa da tsofaffin ma'aikata, ke biyan kuɗi domin a bar su su bi hanyar da gwanaye ke bi.

Kada a ce abin na Turawa ne kaɗai. Burkina Faso ta soma nata zagayen tun 1987. A 2015 Daniel Teklehaimanot na Eritiriya ya sa rigar gwanin hawan dutse ta ƴan kwanaki a zagayen Faransa, a 2024 ɗan ƙasarsu Biniam Girmay ya ci zango 3 ya koma gida da koriyar riga, a watan Satumba na 2025 kuma aka yi gasar keke ta duniya bisa tuddan Kigali, karon farko a Afirka.

Daga Tarka zuwa kan fako

Adar ba ta da wuya mai mita 2000. Dutsen da ya kai haka a Nijar yana Bagzan, cikin Abzin, mita 2022, kuma hanyarsa ta jakai ce. Tuddan Adar iyakarsu mita 700 da ƴan kai, Madawa kuwa na zaune a mita 300 da ɗoriya. Amma abin da ƙasar ta rasa wajen tsawo ta same shi wajen yawa. Tudu ne shimfiɗaɗɗe wanda ruwa ya tsattsaga, kwari bayan kwari, saboda haka wanda ya bi hanyar Madawa zuwa Buza zuwa Kaita, da ƙananan hanyoyin burji da ke ratse mata, zai hau ya sauka, ya sake hawa, har ya daina ƙidaya. In aka tara hawan yini guda, cinya ba za ta raina shi ba.

A ɗauka ga mai keke ya tashi daga Madawa bayan sallar asuba, cikin watan Disamba. Buza na arewa, wajen kilomita 50. Ya bar kwarin Tarka a bayansa, da ƙarar injinan ban-ruwa da warin ɗanyar albasa. Sa'ar farko daɗi gare ta, har mutum ya fara yi wa Turawa dariya. Sai hantsi ya ɗaga, iskar hunturu ta taso daga gabas maso arewa ta tare shi a ƙirji, can kuma ga baƙin layi ya gitta sararin sama. Gaɓar tudu ke nan.

Hawa ba ya sallama. Feda ce kawai za ta fara nauyi, kamar wani ya kama sirdi daga baya. Mai keke ya sauke bitas, ya sake saukewa, har ya nemi wata ya tarar babu. Daga nan duniya ta tsuke: babu sauran tunanin bashi ko takardun da ke jira bisa tebur, sai numfashi, da bugun zuciya cikin kunne, da wani ɗan dutse can gaba da ya yi wa kansa alkawarin kaiwa. Ya kai, ya zaɓi wani. Ya hango inda hanya ta ɓace ya ce ƙarshe ke nan, ya sha kwana ya tarar da saura. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mai gaggawa a nan yake sauka, mai haƙuri kuwa ya zauna daram bisa sirdi, ya bar ƙafa na juyawa sannu, bai dubi sama ba sai jifa-jifa.

Sannu ɗin nan ita ce riba. Mai mota na wuce gaɓar tudu cikin minti 2, gilashi a rufe. Mai keke na yin kusan rabin sa'a, kuma dutsen na buɗe a gefensa kamar littafi. A ƙasa yumɓu, a tsakiya farin dutse, a sama jar marmara mai ƙarfe wadda ta rufe tudun kamar murfin tukunya. Farin dutsen nan irinsa ne ake ƙonawa a Malbaza tun shekarun 1960 ana yin siminti. In mai keke ya tsaya shan ruwa ya duba ƙarƙashin ƙafarsa, yana iya tsintar ƙumba da katantanwa da suka zama dutse. Masana ƙasa sun tabbatar cewa teku ce ta kwanta a nan wajen shekara miliyan 60 da suka wuce. Mutum na haƙi bisa tudu, ashe gindin teku yake takawa.

A sama babu tuta, babu mai tafi. Fako ne shimfiɗe kamar faifai, da tsakuwa baƙa, da geza da sabara nan da can, da iska. A Tourmalet mai hawa na samun sanyi lada, domin kowane mita 1000 na rage zafi da wajen digiri 6, a Adar kuwa rana ɗaya ce sama da ƙasa. Ladan a ido yake. Daga bakin gaɓa ana ganin kwari duka, da garuruwa, da rumbuna, da farin yashin korama yana murɗawa cikin gonaki.

Abin da cinya ke koya wa mutum

A nan ne mai keke zai gane abin da ya sha karantawa cikin rahoto bai shige shi ba. Gangaren da ya hana shi gudu shi ne ke ba ruwan sama gudu. Fako ba ya shan ruwa. In hadari ya zuba, ruwan na tattaruwa ya faɗo ta gaɓar da ƙarfin da ke yaga ƙasa, ya haƙa kwazazzabo, ya kwashi yashi ya binne fadamar da ke ciyar da gari. Duk tarihin wannan yanki na shekara 50 yaƙi ne da wannan gangare da kuma iska.

A kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, an soma dasa layukan dogon yaro a 1975, da haɗin kan ma'aikatan gandun daji, ƙungiyar CARE da manoma, layi biyu-biyu, tsakaninsu mita 100, domin karya iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shuka. Layukan sun kai ɗaruruwan kilomita, kuma an auna an ga hatsin da ke bayansu ya fi yawa. A Kaita kuwa, cikin farin 1984, aka soma babban aikin raya karkara na Adar-Dutsi-Majiya, da kuɗin Italiya, da jagorancin hukumar FAO, da abincin hukumar PAM, ƙarƙashin Renato Carucci. Cikin shekara kusan 20 an farfaɗo da fiye da hekta dubu 30, an dasa itace wajen miliyan 18, an gina madatsun ruwa, an fasa hanyoyin karkara a Kaita, Tamaske, Garhanga da Ibohaman. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne mafi yawan masu aikin mata ne, domin maza sun tafi bida. Kowane dutse da ke cikin layukan nan na kan fako, kowane rami da aka haƙa a gefen tudu aka sa itace a ciki, akwai kan da ya ɗauka da hannun da ya haƙa, a bisa gangaren da ke sa ƙato mai keke neman numfashi.

Masu ba da kuɗin sun daɗe da naɗe tabarmarsu. Gyaran abin da suka bari ya koma wuyan ƴan ƙasa, kuma dutsen da ruwa ya ture daga layi ba ya komawa da kansa. Wanda zai san inda layi ya karye, ko inda gatari ya yi ɓarna, sai wanda ya bi wurin sannu, ido buɗe.

Mai keke ba shi kaɗai ba ne a gaɓar. Zai wuce mace da dammin itace a ka da goyo a baya. Zai tarar da mai amalanke ya sauka yana tura wa jakinsa, da ɗan koleji da ke wannan hawa kowace safiya da keke marar birki, da mai jarka 4 ɗaure a bayan keke yana turawa, jijiyoyin wuya a miƙe. Za su yi masa sannu, wata tsohuwa ma ta ce: "Ɗana, in ba ka da kuɗin mota ne a taimaka maka." In yana da kunya, zai ji ta a nan, domin shi in ya gaji yana iya juyawa, su kuwa babu juyawa.

Wannan kunya magani ce. Ma'aikacin da ke zaune a ofis yana duba taswira zai ga ƙauye kaza na kilomita 12 daga likita, ya rubuta cewa yana kusa. In ya taɓa hawan kilomita 2 daga cikinsu da ƙafarsa, alƙalaminsa zai yi nauyi kafin ya sa hannu, kuma ranar da ake rabon rijiyoyi da azuzuwa da gyaran hanya zai tuna akwai kilomita ta kwance, akwai ta tsaye. Haka ɗan kasuwar da ke ja-in-ja da mai amalanke kan dala 20. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma baƙon da ya kwana cikinsa daren ruwa shi ma ya samu labari.

Hawa biyu

Akwai kuma ribar da ke komawa ga jikin mai hawa. Ma'aikaci da ɗan kasuwa sana'arsu ta zama ce: daga gida zuwa mashin, daga mashin zuwa kujera ko tabarmar shago, daga nan zuwa majalisar shayi mai sukari uku. Ba a rasa gidan da hawan jini ko ciwon sukari bai taɓa ba cikin waɗannan gidaje, kuma kowa ya san abin da magani ke ci a wata. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba baligi shawarar motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Fita biyu da keke sun biya wannan bashi. Ga kuma aljihu: waɗanda suka ga karyewar darajar sefa a Janairun 1994, da tsadar man ƴan ruwa-ruwa bayan Najeriya ta janye tallafi a 2023, da layin gidajen mai na watan Maris na 2025, sun san keke ba ya bin layi.

Sai dai dutse ba ya son ganganci. Lokacin fita shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da sassafe. A bazara, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, hawa neman ajali ne. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini, ya fara ganin likita, ya kuma fara da fili na ƴan makonni kafin ya tunkari tudu. A ɗauki ruwa fiye da yadda ake zato, da dabino ko ƙuli-ƙuli, da famfo da kayan faci, domin tsidau ba ya sanin mai girma. A nisanci ƙwayoyin ƙara ƙarfi. A ranar 13 ga Yuli 1967 Tom Simpson, gwanin Ingila, ya faɗi ya mutu bisa dutsen Ventoux cikin tsananin rana da irin waɗannan ƙwayoyi a jikinsa. Masu haɗiyar tiramol don su yi aikin ƙarfi su riƙe wannan labari.

Gangara ta fi hawa haɗari. A duba birki tun daga gida, a riƙa matsa na baya da na gaba tare, sannu-sannu, kada a danne na gaba bisa tsakuwa, a kuma tuna cewa bayan kowace kwana akwai yiwuwar garke ko babbar motar albasa. Game da tsaro, tun da ɓarayin daji suka addabi wasu garuruwan bakin iyaka a kudancin Madawa cikin shekarun nan, hankali ya ce a tambayi labarin hanya, a tafi cikin ƙungiya, a komo kafin la'asar. In an isa gari a gaida maigari, a sayi hura a hannun masu ita.

Ba a bukatar taron ƙasa da ƙasa kafin a soma. Magadan garin Madawa, Buza da Kaita, tare da ma'aikatar matasa da wasanni, suna iya zaɓen gaɓa guda, a auna tsawonta da tsayinta, a kafa allo a gindinta da sunan da mutanen wurin ke kiranta da shi. Su keɓe Lahadi guda cikin hunturu, a hau tare, babu na ɗaya babu na ƙarshe: farefe da masinja, Alhaji da yaron shagonsa, malami da ɗalibi. Ƴan kasuwa su ɗauki nauyin ruwa, masu gyaran keke su samu cinikin rana, wanda ya gaji ya sauka ya tura, tun da Lapize ma ya tura. In an kai sama, kowa ya ɗauki dutse guda ya mayar cikin layin da ruwa ya karya, albarkacin matan da suka fara jera shi.

Za a yi dariya ranar farko, wannan babu shakka. Amma hawa biyu ne ke jiran mai zaman kujera, na dutse da na jini, kuma ɗaya ne kawai daga cikinsu ake saukowa ana murmushi.